Malami Ya Zo Wurin Makaho da Kurma

Ya ku malamai da fatake na ƙasar Mafara da Bakura da Maradun, maganata a yau a kan yaran da ba a ƙirga su ne ran da ake ɗibar 'yan makaranta, watau makafi da kurame da guragu.

Doka dai akwai ta. A shekarar 2004 aka kafa dokar ilmin tushe, wadda ta ce kowane yaro ya yi shekara 9 yana karatu kyauta, kuma tilas. Sa'an nan a watan Janairu 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana wariya ga nakasassu. Ta ba su ilmi kyauta har sakandare, ta kuma ce makarantun gwamnati su karɓe su tare da sauran yara, su aje malamin da ya san hanyar koya musu. Aka ba gine-ginen hukuma wa'adin shekara 5 su gyara ƙofofi da matakala yadda keken gurgu zai shiga, wa'adin kuwa ya cika tun Janairu 2024. Mai cin kasuwanni tsakanin Jangebe da Mafara ya leƙa firamaren bakin hanya, ya shaida wa kansa.

Abin da aka saba yi shi ne a gina makaranta guda, a tara yaran can su kwana. Haka 'yan mishan suka fara da makarantar makafi ta Gindiri a 1953, haka Kano ta yi a Tudun Maliki, haka Sakkwato ta yi da makarantar A. A. Raji. Ba mai raina aikinsu, gama sun yaye malamai da ma'aikata. Amma fa tun daren 26 ga Fabrairu 2021, da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai 279 daga makarantar 'yan mata ta Jangebe, uban da ɗiyarsa take gani tana ji ma sai ya yi dogon nazari kafin ya kai ta kwana, balle wanda tasa ba ta jin ƙarar bindiga, ko ba ta ganin hanyar gudu. Don haka ra'ayina shi ne malamin ya zo inda yaron yake. A kowace gunduma a zaɓi firamare guda, a ware ɗaki, a aje malami mai horo, yaro ya yi karatu da rana ya kwana ɗakin uwarsa.

Kada a ce yaran ba su da yawa. Gubar dalma da ta fito daga haƙar zinariya a ƙasar Anka da Bukkuyum a 2010 ta kashe yara fiye da 400, cikin waɗanda suka rayu akwai masu rauni a ƙwaƙwalwa da idanu. Sanƙarau na 2017 ya fi tsanani a Zamfara, shi kuwa sau da yawa idan ya bar rai sai ya tafi da ji.

Makaho shi da sauƙi a wurinmu. Karatun allo da kunne ake ɗaukarsa, kowa ya san makahon da ya haddace ya fi masu ido. Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, ya yi ladanci, aka kuma bar masa riƙon Madina. Abin da yake rasa shi ne rubutu, shi ma an samo masa hanya: wani makaho Bafaranshe, Louis Braille, ya tsara haruffa da ɗigo 6 masu tudu da ake karantawa da yatsa, har Alƙur'ani an buga da su.

Kurma shi ne abin tausayi, domin tsangaya da boko duka da murya suke koyarwa. Yana zaune cikin yara, ana biyawa, shi bakuna kawai yake gani suna motsi, daga ƙarshe a ce ba shi da kai, a tura shi kiwo ko bara. Alhali kuwa harshe gare shi. Kuramen ƙasar Hausa suna da maganar hannu tasu tun kaka da kakanni, da ita suke ciniki a kasuwa. Wadda ake koyarwa a makarantun kurame kuwa asalinta daga Amurka take, ta hannun Andrew Foster, wani kurma da ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Sai yaro ya dawo hutu da ishara wadda uwarsa ba ta ganewa. Malamin da za a aje a gunduma lalle ya san duka biyu, ya kuma riƙa zama da iyaye.

To, ina za a samo malaman? Akwai kwaleji a Oyo da aka keɓe domin wannan aiki tun 1977, akwai sashensa a Jami'ar Bayero ta Kano. Baƙo ba zai daɗe a ƙauyukanmu ba a wannan hali, sai ɗan gari. A nan ne nake kiran attajirai: mutum biyar su haɗu su ɗauki nauyin ɗan garinsu ya je ya koyo, bisa sharaɗin hukuma ta ɗauke shi aiki a gida.

Mu malamai kuwa namu ƙirge ne, gama mu ne ake kira ranar suna, mun san gidan da ke da yaron da ba ya fita. Kowane liman ya rubuta na unguwarsa, da shekarunsu da irin larurarsu, a miƙa wa hakimi, shi kuma ya kai ga Sakataren Ilmi na ƙaramar hukuma kafin a ɗebi sababbin yara a watan Satumba.