RA'AYINMU: Jirgin Yaƙin Da Aka Raɗa Wa Sunan Nijeriya

Ranar 12 ga Agusta 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wani jirgin yaƙin Ingila mai suna HMS Nigeria yana rakiyar ayarin jiragen da ke kai abinci da mai tsibirin Malta, sai jirgin ƙarƙashin ruwa na Italiya ya harbe shi a tekun Bahar Rum. Mutum 52 suka rasu. Jirgin bai nutse ba, an gyara shi a Amurka, daga baya aka sayar wa Indiya. Amma waɗanda suka rasu, kowannensu an rubuta sunansa, kuma har yau jikokinsu na iya nemowa su karanta.

To, mu fa? A 1943 da 1944 dubban samarin Arewa, har da na ƙasar Katagum, sun shiga jirgin ruwa a Legas cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka kai su Indiya, daga nan Bama. Da yawansu ba su taɓa ganin teku ba sai ranar. Sun yi yaƙi a kwarin Kaladan da Myohaung, sunan da wani barikin soja a Legas ke ɗauke da shi. Wasu sun dawo, wasu ƙasar can ta rufe su. Gida nawa ne cikinmu zai iya kawo cikakken sunan kakansa da lambarsa ta soja?

Sakacin ba namu kaɗai ba ne. A 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, akasarinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu ba.

Wannan magana ta shafi haƙƙinmu kai tsaye. Mu da iyayenmu suka taso daga Azare da kewaye suka zauna a wasu jihohi, mun san yadda ake hana ɗanmu gurbin karatu ko aikin gwamnati saboda takardar shaidar asali. Ranar da ake ɗibar soja, babu wanda ya nemi wannan takarda. Sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa ikon zama inda ya so, sashe na 42 kuma ya hana nuna masa bambanci saboda asalinsa. Sai dai mutanen da ba su rubuta tarihinsu ba, da sauƙi ake kiransu baƙi.

Saboda haka muna roƙon kowane magidanci, kafin 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya, ya kawo wa sakatariya sunan duk wani nasa da ya yi soja, da garinsu, da shekarar tafiyarsa. Mai lambar yabo ko takardar sallama ya adana, kada a sayar. Yara su zauna da tsofaffi su rubuta tun suna raye. Waiwaye adon tafiya ne.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, amin.