Sharhi: Bury, ƙungiyar da aka saya da fam ɗaya, da dokar da mutuwarta ta haifar

A gidajen kallon ƙwallo na Maradi da Damagaram, in aka ce Manchester, United ko City ake nufi. Amma a arewacin birnin, tafiyar da ba ta kai kilomita 20 ba, akwai garin Bury, wanda rugujewar ƙungiyarsa na cikin dalilan da suka sa Birtaniya ta sauya yadda ake tafiyar da ƙwallon ƙafa a Ingila.

An kafa Bury FC a 1885, ta shiga gasar lig a 1894. Sau biyu tana ɗaukar kofin FA, a 1900 da 1903. A na biyun ta lallasa Derby County da ci 6 da nema, tarihin da babu wanda ya kamo sai Manchester City a watan Mayun 2019. Wata uku bayan wannan biki na City, aka kori Bury daga lig.

Ba rashin iya wasa ne ya kashe ta ba, domin a wannan kakar ma ta samu hayewa daga mataki na huɗu zuwa na uku. Bashi ne ya yi mata katutu. A Disamban 2018 ɗan kasuwa Steve Dale ya saye ta a kan fam ɗaya kacal, tare da bashin da ke kanta. Ƴan wasa da ma'aikata suka yi watanni ba albashi. Hukumar EFL, mai kula da matakai na biyu zuwa na huɗu, ta nemi shaidar cewa akwai kuɗin gudanar da ƙungiyar, ba ta gamsu ba. Ranar 27 ga Agustan 2019 ta kore ta, bayan shekara 125 a gasar.

Magoya baya ba su naɗe hannu ba, sai dai kansu ya rabu biyu: wasu suka kafa Bury AFC, wasu suka sayi tsohon filin Gigg Lane a 2022 da tallafin gwamnati. Sai a 2023 suka haɗe, ƙungiyar ta koma gidanta a mataki na tara, kuma a 2025 ta hau na takwas.

Abin da ya faru ya fito da giɓi a fili. Ƙungiya gadon gari ce, amma a idon doka haja ce kamar kowace, mai ita na iya jinginar da filinta ko ya tara mata bashi. Binciken da ƴar majalisa Tracey Crouch ta jagoranta a 2021 ya nemi a kafa hukuma mai zaman kanta, kuma dokar kafa ta ta tabbata a Yulin 2025. Hukumar za ta riƙa ba ƙungiyoyin matakai biyar na sama lasisi, ta binciki masu saye da tushen kuɗinsu, kuma ba za a sayar da fili ba sai da amincewarta.

Sauran rina a kaba shi ne rabon kuɗin talabijin. Kaso mafi tsoka na hannun ƙungiyoyi 20 na Firimiya, abin da ke sa na ƙasa kashe fiye da abin da suke samu don su kai can. Dokar ta ba hukumar ikon shiga tsakani in an kasa daidaitawa. Yadda za ta yi amfani da wannan iko a gaban manyan ƙungiyoyi shi zai nuna ko za a sake ganin wata Bury.