Waiwaye: Soyayya tsakanin masallaci da coci a ƙasar Ikara

Hausawa Kirista ba baƙi ba ne a yankin nan. Tun wajen 1913 wasu Hausawa da ake kira Isawa suka nemi ɗan mishan Dakta Miller a Zariya, suka zauna a Gimi ta ƙasar Makarfi, kafin ciwon barci ya cinye da yawansu, sauran suka koma Zariya, daga baya Wusasa. Maguzawan karkara kuwa, wasu suka musulunta, wasu suka shiga coci. Shi ya sa daga Malikanchi har Kudan za ka tarar da kaka ɗaya, wannan jika yana sallah, wancan yana zuwa sujada ranar Lahadi. Gayya ɗaya suke yi, kasuwar rake ɗaya suke ci a Makarfi. To, yaya za a yi idon saurayi bai faɗa kan budurwa ba?

Dokar kowane ɓangare a sarari take. Musulunci ya halatta wa namiji auren Kirista mai kamun kai, bai halatta wa Musulma auren wanda ba Musulmi ba. Coci ma ba ta son 'yarta ta fita.

Abin da ya riƙe iyayenmu shi ne hanya. Saurayi ya shimfiɗa tabarma a zaure, ƙanen yarinya na kai da kawo, kowa ya san wa ya zo zance. In magana ta yi nisa, baffanni su ɗauki goro su je. Ko an ce "a yi haƙuri, addini ya raba", an rabu da mutunci, gobe a gaisa a bakin gona.

Yanzu waya ta maye gurbin zaure. Sai a wayi gari yarinya ba ta gida, a ce ta sauya addini, uwa na kuka a ƙofar mai unguwa. Wannan ba neman aure ba ne, ko wane ɓangare ya yi shi. Mun ga ƙarshen irinsa: an ɗauko wata yarinya daga Bayelsa zuwa Kano a 2015, kotun tarayya a Yenagoa ta ɗaure saurayin shekara 26 a 2020.

Liman da fasto, don Allah duk yarinyar da ta zo muku a ɓoye, ku fara tambayar shekarunta, ku aika a kira mahaifinta kafin a yi maganar sadaki.