Ɓawon Haƙori Ba Ya Sake Tsirowa

A kasuwar Yauri da ƙauyukan Ngaski da Shanga, idan dattijo ya kasa tauna busasshen kifi akan ce tsufa ne. Maganar rabin gaskiya ce. Abin da ya ƙare masa shi ne farin ɓawon da ya lulluɓe haƙori, wanda masana ke kira inamel, kuma ɓarnar tun yana saurayi ta soma.

Wannan ɓawo ya fi ƙashi tauri, domin kusan kashi 96 cikin ɗari nasa ma'adinai ne na kalsiyam da fosfet. To amma ƙashi in ya karye yakan haɗe, shi kuwa in ya zaizaye ya tafi ke nan, saboda ƙwayoyin halittar da suka gina shi sukan mutu da zarar haƙori ya fito.

Babban makashinsa tsami ne. Idan ma'aunin tsami na pH a baki ya sauka ƙasa da 5.5, ma'adinan sukan fara narkewa. Tsamiya da zoɓo da lemon kwalba na kawo tsami kai tsaye, sukari da rake kuwa ƙwayoyin cuta na baki ke mayar da su tsami. Yawu ne ke wanke shi, ga shi kuwa yakan ragu a bakin tsofaffi, musamman masu shan wasu magungunan hawan jini.

Saboda haka makarantar sakandare ce wurin da ya dace a yi yaƙin, tun icce yana ɗanye. Ya kamata malamai su koyar da goge baki sau biyu a rana da man goge baki mai fuloraid, ko kuma a yi aswaki a hankali bayan cin abinci. Wanda ya sha tsami ya kurkure baki da ruwa, ya dakata rabin awa kafin gogewa. A rabu da toka da gawayi, domin kankare ɓawon suke yi. Ɗan masunci a bakin tafkin Kainji ya yanke zaren taru da wuƙa, kada ya sa haƙori. Sukari ma a rage shi: a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na kuzarin abincin yini.

Ɗalibin da ya kiyaye wannan a shekara 15, zai tauna gyaɗa da haƙoransa a shekara 70.