Zanen Aro a Dandalin Zaɓe

A ranar 23 ga Agusta 1987, a wata muhawara a jihar Ayowa ta Amurka, Sanata Joe Biden ya rufe jawabinsa da labari mai sosa zuciya: wai shi ne na farko a zuriyarsu da ya taka jami'a, kakanninsa kuwa a ramukan haƙar kwal suka ƙare ƙarfinsu. Ba a cika wata guda ba jaridar New York Times ta tona cewa labarin na Neil Kinnock ne, shugaban jam'iyyar Leba ta Birtaniya, ɗan mahaƙin kwal, wanda ya faɗe shi a watan Mayun shekarar. Ranar 23 ga Satumba Biden ya janye daga takara.

Tun daga lokacin abin sai daɗa yawa yake, kunyarsa kuwa tana raguwa. A Yulin 2016 Melania Trump ta maimaita sassan jawabin Michelle Obama na 2008. A Satumban wannan shekarar aka samu kalaman Barack Obama cikin jawabin Shugaba Buhari na ƙaddamar da shirin gyaran ɗabi'u. A Janairun 2017 jawabin rantsar da Nana Akufo-Addo na Gana ya kwaso daga Bill Clinton da George Bush. Ranar 1 ga Mayu 2017 Marine Le Pen ta karanta jimlolin da François Fillon ya faɗa makonni biyu kafin nan, mutanenta suka ce wai ƙyafta ido ne ga magoya bayansa.

Masu kare wannan ɗabi'a hujja uku suke kafawa, kuma babu wadda ke tsayawa da ƙafarta.

Ta farko, wai magana ba ta da mai ita. Karin magana kam gadon kowa ne, babu wanda za a tuhuma don ya ce haƙuri maganin zaman duniya. To amma kakannin Kinnock ba gadon kowa ba ne. Wanda ya ɗauki tarihin gidan wani ya ɗora a kan gidansu don ya sa idon masu zaɓe ƙwalla, shaidar zur ya bayar, da ita kuma ya nemi ƙuri'a. Hatta al'adar baka da ake fakewa da ita ba ta yarda da haka ba, domin Bahaushe in ya kawo zancen wani yakan ce in ji wane, malamin zaure ma ba ya jan baƙi bai ambaci mai littafin ba.

Ta biyu, wai laifin marubucin jawabi ne. Haka aka yi a gidan Trump, haka a Abuja, haka a Akara: aka turo ƙaramin ma'aikaci ya ɗauki laifin. Amma da jawabin ya burge, wa zai karɓi tafi? Wanda ya ci ladar kuturu dole ya yi masa aski. Mai neman a damƙa masa ƙasa, in har bai san abin da ke fita daga bakinsa ba, ta yaya zai san abin da yake sa wa hannu?

Ta uku, wai masu zargin ƴan adawa ne da ke da wata manufa. Wannan gaskiya ne. John Sasso, jagoran yaƙin neman zaɓen Michael Dukakis, shi ya miƙa wa ƴan jarida faifan da ya kayar da Biden, ya kuma rasa muƙaminsa a kan haka. Sai dai mugun nufin mai ihu ba ya wanke ɓarawo. Akuya dai an same ta a gidansa.

Wanda ke biyan bashin wannan duka shi ne malamin makaranta. Shi ne yake ba ɗalibi sifiri don ya kwafi amsar maƙwabcinsa, alhali ɗalibin yana iya gano cewa Biden ya ci zaɓen shugaban ƙasa a 2020. Saboda haka ya wajaba malamai da ƙungiyoyin al'adu su mayar da jawaban ƴan takara abin nazari a aji: a jera jawabi da tushensa, ɗalibai su ja layi da kansu ƙarƙashin abin da aka sata, su kuma koyi cewa ambaton mai magana kalma uku kawai yake ci. Zanen aro ba ya rufe katara, amma sai an samu masu duba katarar.