Kacici-kacicin Waya: Mun Haddace Tutar Amurka, Mun Manta Tutocin Shehu

Duk mai riƙe da wayar zamani ya san irin tambayoyin nan da ke yawo a Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp. Taurari nawa ne a jikin tutar Amurka? Wa ya kafa kamfanin Apple? Wace ƙungiya Michael Jordan ya buga wa ƙwallon kwando? Daga birnin Sakkwato har zuwa Lafani a ƙaramar hukumar Illela, matasa kan amsa su nan take: taurari 50 da layuka 13, Steve Jobs da abokansa, Chicago Bulls. Ilimi ne, kuma babu laifi a neme shi. Abin da ke damun mu shi ne yadda bakin yawancinsu kan mutu idan tambayar ta dawo gida.

A gwada da tuta. Mutumin Illela yana rayuwa tsakanin tutoci biyu, domin tafiya kaɗan ce tsakaninsa da Birnin Ƙonni a Jamhuriyar Nijar. Matasa nawa ne za su iya faɗin cewa wani ɗalibi, Taiwo Akinkunmi, shi ya zana tutar Najeriya a 1959, aka fara ɗaga ta ranar 1 ga Oktoban 1960? Nawa ne za su jera launukan tutar Nijar daidai, ruwan lemo a sama, fari a tsakiya da da'ira, kore a ƙasa? Uwa uba, a ƙasar da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, nawa ne suka san su wa ya ba tuta? Modibbo Adama a Adamawa, Yakubu a Bauchi, Buba Yero a Gwambe, Malam Musa a Zazzau, Ummarun Dallaje a Katsina. Waɗannan tutoci su suka haifi masarautun da muke ƙarƙashinsu yau.

Haka abin yake a fagen kasuwanci. Yaro zai faɗa maka cewa Mark Zuckerberg ya kafa Facebook a 2004, amma bai taɓa jin labarin Alhassan Ɗantata ba, attajirin goro da gyaɗa na Kano da ya rasu a 1955. Bai san cewa fatar jar akuyar Sakkwato ta yi ɗaruruwan shekaru tana ƙetare Sahara har Turai, inda ake kiranta fatar Maroko saboda ta can take biyowa. Wato tun da daɗewa kayanmu ke fita da sunan wasu.

A wasanni da fasaha ma labarin ɗaya ne. Gasar kokawa ta cin takobin ƙasa a Nijar an fara ta ne a Tawa a 1975, jihar da Ƙonni ke cikinta. Ɗan Anace ya ɗaukaka damben Shago da waƙa har sunansu ya zama abu guda. Matar da ke bayan takardar naira 20 tana gina tukunya, Ladi Kwali ce, kuma aikinta ya je gidajen baje koli a Landan. Muna juya hotonta a hannu kullum ba mu san sunanta ba.

Wani zai ce ai kacici-kacici wasa ne, mene ne na tayar da jijiyar wuya? Amsar tana kan iyakar Illela. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta Illela ba sai Disambar 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa, Najeriya ba ta ɗage ba sai Maris na 2024. A lokutan nan biyu 'yan kasuwar dabbobi da hatsi da albasa sun ji jiki, haka direbobi da 'yan dako. Matashin da bai san tarihin hulɗar Sakkwato da Ƙonni ba, bai san me ke shiga me ke fita ba, da me zai kafa hujja gaban ɗan majalisarsa idan an yanke hukunci daga Abuja ko Yamai? Wanda bai san kayansa ba, kowane farashi aka yi masa sai ya sallama.

Kada a ɗora wa yaran laifi su kaɗai. Amurkawa sun rubuta nasu, sun zuba a intanet, sun mayar da shi wasa. Shirin kacici-kacicinsu na talbijin mai suna Jeopardy yana nan tun 1964. Kowace jiha a can tana da tutarta, kuma suna ɗaukarta da muhimmanci, har jihar Misisifi ta sauya tata a 2021 bayan doguwar muhawara kan alamar zamanin bauta da ke jikinta. Mu kuwa sai da darasin tarihi ya yi fiye da shekara goma a wajen manhajar ƙananan makarantu, kafin gwamnatin tarayya ta sanar da dawo da shi a 2022. Wayar tana ba yaro abin da aka zuba mata ne.

Don haka muna kira ga ma'aikatar ilimi ta Jihar Sakkwato ta riƙa shirya gasar kacici-kacici cikin Hausa tsakanin makarantu, daga matakin mazaɓa zuwa jiha, tambayoyin su shafi tarihi da kasuwanci da wasanni da fasahar yankin. Gidan Tarihi na Waziri Junaidu yana da rubuce-rubucen da za a ciro tambayoyin daga ciki, gidan rediyon Rima kuma na iya watsa gasar. Matasan da suka iya haɗa bidiyo su ma su shigo, su zauna da dattawan kasuwa da tsofaffin 'yan kokawa su naɗi abin da suka sani tun suna raye, su ɗora a shafukansu.

A ci gaba da sanin taurari 50 na Amurka. Amma ranar da aka tambayi ɗan Lafani wa ya karɓo tutar Katsina daga hannun Shehu, ya kamata ya amsa da irin saurin da yake amsa tambayar Apple. Hausawa sun riga sun faɗa, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.