Ruwan da Aka Yi a Gazara Daren Jiya, Wa Ya Rubuta Shi?

Daga tsakiyar watan Mayu zuwa farkon Oktoba, babu zancen da ya fi na ruwa kasuwa a ƙasar Makarfi da Kudan da Ikara. Mutumin Gazara da ya sauka a tashar Makarfi, kafin a tambaye shi iyali an riga an ce, "Malam, kun samu na daren jiya?" Direban da ya taso daga Paki shi ke da labarin inda hanya ta jiƙe da inda ƙura ke tashi har yanzu. Ɗan ci-rani a Abuja ko Legas zai bugo waya gida, ya gaida Baba, sai ya ce, "Yaya ruwa?" A ce masa ruwa ya yi gyara, ko kuwa a ce, "To, sai dai addu'a."

A Ingila da Amurka akwai mutanen da suka mai da bibiyar yanayi abin sha'awa: ma'aikacin banki ko tsohuwar malamar makaranta da ke fita kowace safiya su duba ma'aunin ruwan da suka kafa a bayan gida. Manoman wannan yanki sun fi su naci nesa ba kusa ba, domin abincin shekararsu ne ke rataye a sama. Abin da waɗancan suka fi su da shi guda ne. Suna rubutawa.

Kada a raina sanin da ake da shi a ƙasa. Dattijon manomi ba ya fita shuka don an yi yayyafi. Zai ɗauki fartanya ya tona, ya ga zurfin da lema ta kai, ya damƙi ƙasar ya ji ko ta haɗu. Ya san hadarin gabas shi ne abin dogaro. Akwai kuma malaman da har gobe suke riƙe da lissafin taurari ashirin da takwas, bakwai ga kowane lokaci na shekara, kowanne da kwana goma sha uku in ban da Jabaha mai sha huɗu, abin da ya ba da kwana 365 cif. Da wannan lissafi ake cewa an shiga Nasara ko Ɗarfa, a san shukar da lokacinta ya wuce da wadda za a iya yi. Kalanda ce ta noma da ta daɗe tana aiki, tun kafin wani Bature ya kafa gwangwanin awo a ƙasar Zazzau.

Sai dai duk wannan sani a baki yake, kuma baki ba ya riƙe adadi. "An sha ruwa" na iya zama milimita 15, yana iya zama 60. Tsofaffi ba su manta farin 1973 da na 1984 ba, amma a tambayi kowa a Gubuchi ko Likoro kwana nawa ruwa ya ɗauke a watan Yunin shekaru huɗu da suka wuce, har masarar farko ta ƙone aka sake shuka, sai gardama ta kaure. Wannan ya ce mako biyu, wancan ya ce ai wata guda ne. Shi ya sa maganar da kowa ke yi, cewa damina ta sauya hali, ta tsaya a hirar dandali. Babu takardar da za a ajiye gaban shugaban ƙaramar hukuma ko kamfanin inshora a ce ga shi.

Abin ban haushi shi ne, ƙwarewar ba ta yi nisa ba. A Samaru aka kafa tashar binciken aikin gona tun 1922, wadda ta zama cibiyar IAR a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma tana cikin wuraren da suka fi daɗewa ana auna ruwan sama a Arewa. Daga wannan awo aka san cewa yankin Zariya kan samu kimanin milimita 1,000 a shekara, kuma Agusta ne watan da ya fi kowanne ruwa. A can masana Kowal da Knabe suka fitar da littafin taswirar yanayin noma na jihohin Arewa a 1972. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, wadda doka ta kafa a 2003, kan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da ƙiyasin lokacin faɗuwar ruwa da na ɗaukewarsa. Aiki ne mai amfani, kuma manomin da ya saurare shi bai yi asara ba.

To amma ruwan Samaru ba ruwan Gazara ba ne. Kowane manomi ya san ana iya tafka ruwa a gonar tudu, ta kwari mai tafiyar rabin sa'a ko ɗigo ba ta gani ba. Masana sun gwada wannan a zahiri. A farkon shekarun 1990, a wani bincike mai suna EPSAT, an jera ma'aunai kusan ɗari a kewayen Yamai, sai aka ga garuruwan da tazararsu ba ta wuce kilomita goma ko ashirin ba suna ƙare damina da bambanci mai yawa a jimillar ruwansu. Dalili kuwa, ruwan wannan sashe na duniya hadari ne ke kawo shi, gungu-gungu, ya zuba a nan ya tsallake can. Tauraron ɗan'adam na ganin gajimare daga sama ya ƙiyasta, amma sai an gwada ƙiyasinsa da abin da ya sauka a ƙasa kafin a san gaskiyarsa. Afirka kuwa ita ce nahiyar da ta fi kowace ƙarancin tashoshin awo in aka dubi faɗinta.

Maƙwabta sun riga mu gane hanyar. Bayan farin shekarun 1970, ƙasashen Sahel suka kafa cibiyar nazarin yanayin noma ta AGRHYMET a Yamai a 1974. Mali ta ƙara gaba: daga 1982 hukumar yanayinta ta soma ba manoman ƙauye ma'aunin ruwa mai sauƙi, ta koya musu karanta shi, ta haɗa musu da jadawalin da ke cewa in ruwa ya kai kaza a cikin kwana goma na kaza, a shuka iri kaza. Manomi ne ke aunawa, shi ke yanke shawara, sannan adadin ya koma Bamako ya ƙara wa masu hasashe ido. A Jamhuriyar Nijar kuwa, sanar da milimitar da aka samu gari-gari a rediyo da talabijin abu ne da aka saba da shi a damina, har mutumin Maradi kan ce an yi milimita talatin ba tare da ya ji ya yi wani boko ba.

Me adadin zai ƙara wa wanda ya iya tona ƙasa da fartanya? Milimita ɗaya na nufin lita ɗaya a kan kowane murabba'in mita. Ruwan milimita 20 a gonar hekta guda lita 200,000 ke nan. Wani masanin cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Nijar, Sivakumar, ya fitar da ƙa'ida a 1988 da har yanzu ake amfani da ita: ana lissafin damina ta kankama in an samu milimita 20 a cikin kwana uku a jere, kuma ba a yi fashin da ya wuce mako guda ba a cikin watan da ya biyo. Rabin farko na ƙa'idar ma'auni ne ke faɗinsa da safe. Rabi na biyu kuwa sai littafin shekaru ya taru: shi zai nuna cewa a wannan gari, ruwan makon farko na Mayu sau nawa ya yaudari mutane, sau nawa ya ɗore. Da can, wanda shukarsa ta ƙone sai ya koma rumbu ya ɗebo wani iri. Yau irin masara na kamfani da buhun taki sun kai kuɗin da sake shuka kan karya magidanci. Haka batun zuba taki da feshi: wanda ya san ƙasa ta riga ta ƙoshi da ruwan kwana uku ba zai watsa yuriya ruwan gobe ya wanke ta zuwa rafi ba.

Akwai kuma inshorar gona. Hukumar inshorar noma ta NAIC na nan tun 1987, kuma sabon salon inshora a duniya shi ne a biya manomi in ruwan yankinsa ya gaza wani adadi, ba sai an zo duba gona ba. Wannan tsari bai da ƙafa a inda ba a auna ruwa. In aka dogara da tasha mai nisa, sai a hana wanda fari ya ci a biya wanda ya cika rumbu.

Batun hadari ya fi gaggawa. Manyan hadarurrukan Afirka ta Yamma daga gabas suke tasowa su nufi yamma, iska mai ƙarfi a gaba, ruwa a baya. Wannan iskar ce ke yaye kwanon makarantu da kwantar da dawa da rake. Wani bincike da Christopher Taylor da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Nature a 2017 ya nuna cewa mafiya tsananin irin waɗannan hadarurruka sun ninka sau uku a Sahel tun daga 1982. Yanzu a dubi taswira: Ikara na gabas, Makarfi da Kudan na yammacinta. Hadarin da ya buga a Auchan ko Paki yana da sauran tafiya kafin ya iso Hunkuyi. Wannan ɗan lokacin ya isa a kwashe shanya, a maido yara daga kiwo, a sauko da mai gyaran rufi. Wayar da za a yi gargaɗin da ita tana aljihun kowa. Abin da babu shi ne sanin wa zai kira wa.

Zafi ma haka. A Afrilun 2024 garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5, kuma bazarar ta gasa Arewacin Najeriya ita ma. Mai lambun tumatir a Kudan ko Ikara ya san fure na zubewa in zafi ya tsananta, ya kuma tuna tsutsar da ta cinye tumatir a 2016 har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kanta. Ma'aunin zafi guda a inuwar asibitin gari, ana rubuta abin da ya nuna kullum da azahar, zai amfani mai lambu da malamin asibiti baki ɗaya.

Wasu na ɗari-ɗari da duk abin da ya shafi hasashen yanayi, suna ganin kamar shiga gaibu ne. Damuwar ta cancanci amsa cikin ladabi. Malamai sun yi hani ga jingina saukar ruwa ga tauraro, kuma masu lissafin Nasara da Ɗarfa kansu sun san lokaci kawai suke ƙirgawa. Shi kuwa ma'auni ba ya cewa komai game da gobe. Abin da Allah Ya riga Ya saukar yake aunawa, kamar yadda ake auna hatsi a san zakkarsa. Wanda ya auna ruwa da safe, ba abin da zai hana shi fita roƙon ruwa da hantsi.

Aikin kansa bai da wuya. Roba ce mai layukan awo, a kafa ta a kan turke a fili, nesa da bishiya da indararo, a duba ta kowace safiya a lokaci ɗaya, a rubuta, a zubar. Ranar da ba a yi ruwa ba a rubuta sifili, domin kwanakin fashi su ne suka fi komai daraja a littafin. Da irin wannan ƙaramin aiki George Symons ya soma tattara awon masu sa-kai a Ingila a 1860, kuma kafin rasuwarsa a 1900 wuraren awon sun haura 3,000. A Amurka, ambaliyar da ta afka wa garin Fort Collins a 1997 ce ta haifar da ƙungiyar masu sa-kai wajen auna ruwa ta CoCoRaHS a shekarar da ta biyo, bayan an ga yadda aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a wani ɓangare na garin, wani ɓangaren kuwa kaɗan ya samu.

Inda za a iya yin kuskure shi ne wurin ajiye ma'aunin. Kowa zai ce a kai makarantar firamare, kuma lallai yara za su koyi lissafi da shi. Amma dogon hutu kan faɗo ne daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, daidai tsakiyar marka, lokacin da littafin ya fi bukatar mai rubutu. Gara a nemi mutanen da ba sa hutu: ladanin da ke tashi kowace asuba, ma'aikacin ƙaramin asibiti, malamin makarantar allo, ko wani ɗan gidan dagaci da ya iya rubutu, da boko ko da ajami. Matan aure da ke gida da safe, waɗanda su ne shanyarsu ke jiƙewa, bai kamata a tsallake su ba.

Makarfi na da mazaɓu goma, Kudan goma, Ikara goma. Ma'auni talatin da littafi talatin ba su kai kuɗin taron ƙaddamarwa guda ba, in dai ba a mai da abin kwangila ba. Malaman gona su zagaya sau ɗaya a wata su ɗauki hoton shafukan, kwafi ya tafi Samaru da NiMet, asalin littafin ya zauna a garin da aka rubuta shi. Gidajen rediyon Kaduna da Zariya su karanta adadin da safe, gari-gari. Ƙananan hukumomin uku kan tsara kasafinsu a ƙarshen shekara, ruwan farko kuwa kan iya faɗowa tun a Afrilu, don haka sai an kafa turakun a cikin Maris in ana so littafin Gazara ya soma daga shafin farko na daminar baɗi.